Dayspring, Jirgin da Dutsen Jebba Ya Tsayar

A Tafkin Superior, wanda ke tsakanin Amurka da Kanada, akwai wani jirgin fasinja mai suna America da ke kwance cikin ruwa tun ranar 7 ga Yuni, 1928. A yankin Detroit aka ƙera shi a 1898. Ya shekara da shekaru yana jigilar mutane da wasiƙu da kifi tsakanin birnin Duluth da ƙauyukan masunta, kafin ya bugi dutse a bakin tsibirin Isle Royale. Mutanen da ke ciki duk sun tsira. Goshin jirgin yana dab da saman ruwa, gindinsa kuwa ya yi can ƙasa, saboda haka in lokacin zafi ya zo masu nutso kan goya tukwanen iska su sauka su zagaya shi. Ruwan tafkin sanyi ƙarara ne, ba shi da gishiri, babu tsutsar da ke cin katako a teku, shi ya sa tsofaffin jirage ke daɗewa a cikinsa ba su ruɓe ba.

Mu ba mu da irin wannan. Ruwan Kwara da na Binuwai ruwa ne mai laka da gudu, in ka nutsa da damina ko tafin hannunka ba ka gani. Tsohon garin Busa ma, inda Mungo Park ya halaka a 1806, yana ƙarƙashin Tafkin Kainji tun 1968, ba wanda ke zuwa kallonsa. Amma muna da namu jirgin tururin da ya nutse, kuma wanda yake son ganin abin da ya rage daga gare shi ba sai ya jiƙa ƙafa ba. Farfelarsa da wasu ƙarafan injinsa suna ajiye a tashar jirgin ƙasa ta Jebba, hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta sa su cikin jerin kayan tarihin Najeriya. Sunansa Dayspring. Ranar 7 ga Oktoba, 1857 ya daki dutse. A ganina, abin da nutsewarsa ta haifar ya fi abin da isarsa lafiya za ta haifar, kuma wani sashe na abin ya iso har nan Fadan Kagoma a kudancin Kaduna, ko da yake tsakaninmu da Jebba tafiya ce mai nisa.

Kafin a zo ga jirgin, sai a san wahalar da Turawa suka sha a kan kogin nan. Shekara arba'in suna gardama a kan inda Kwara ta nufa. Wasu sun ce Tafkin Chadi take shiga, wasu sun ce ita ce Nilu, wasu sun ce Kwango. Kyaftin Hugh Clapperton ya zo har Sakkwato sau biyu wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can ya rasu cikin Afrilu 1827. Baransa Richard Lander ya kwashe takardunsa ya koma Kano, daga nan maimakon ya bi hanyar da suka zo, sai ya yanki kudu yana neman Fanda, da nufin ya shiga kwale-kwale ya bi ruwa har teku. Hanyar nan ta ƙasarmu ta bi. Ya ratsa Katab, ya isa Darroro, wato yankin tsohuwar Jama'a, kafin mahayan Sarkin Zazzau su cim masa su juya da shi Zariya. Da sun bar shi, da kwanaki kaɗan ya ga Binuwai, domin ruwan da ke gangarowa daga tsaunukan Kagoro ta Matsirga can yake ƙarewa. Sai a 1830 Lander ya dawo da ƙanensa John, suka shiga kwale-kwale daga Busa suka gangara har teku. Ashe bakunan ruwan nan da Turawa suka daɗe suna sayen man ja a cikinsu, su ne bakin Kwara.

Daga nan aka shiga turo jiragen tururi, zazzaɓi kuma ya shiga cin mutane. Macgregor Laird, ɗan gidan maƙeran jirage na Birkenhead kusa da Liverpool, ya zo da jirage biyu a 1832, Quorra da Alburkah. Na biyun ya kai har Raba a ƙasar Nufe. Cikin Turawa 48 da suka taso, tara kaɗai suka koma gida. A 1841 gwamnatin Ingila da kanta ta aiko da jirage uku, da niyyar ƙulla yarjejeniyar hana cinikin bayi da kafa gonar gwaji a mahaɗar Kwara da Binuwai. Cikin 'yan watanni fiye da Turawa arba'in suka mutu, aka watse. A tafiyar nan ta 1841 akwai mutum biyu da za su sake fitowa a labarinmu: wani Bajamushe ɗan mishan, James Frederick Schön, wanda ya duƙufa a kan Hausa har ya fitar da littafin nahawunta a 1862 da ƙamus a 1876, da wani matashin malami Bayarabe, Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kama bawa yana yaro a Osogun a 1821, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku ya sauke shi a Saliyo.

Abin da ya karya wannan ƙofa ba bindiga ba ne, kwinin ne. A 1854 Laird ya sake ƙera wani jirgi, Pleiad, aka tura shi Binuwai, cikin dalilan har da neman labarin Heinrich Barth, Abdulkarim na mutanen Kano da Kukawa, wanda aka daina jin ɗuriyarsa. Wanda aka naɗa jagora, John Beecroft, ya rasu a tsibirin Fernando Po kafin a tashi, sai jagoranci ya faɗa hannun likitan jirgin, William Balfour Baikie, ɗan tsibiran Orkney a arewacin Sikotilan. Baikie ya tilasta wa kowane Bature shan kwinin kullum, da lafiya ko ba lafiya. Suka yi kusan wata huɗu a cikin kogi, suka wuce inda wani jirgi ya taɓa kaiwa a Binuwai da mil kusan 250, suka fito ba a rasa rai ko ɗaya ba. Ba su haɗu da Barth ba, amma sun koma da abin da ya fi daraja a wurin 'yan kasuwar Liverpool.

Wannan nasara ce ta haifi Dayspring. Gwamnati ta yi kwangila da Laird cewa zai riƙa aika jirgi cikin Kwara duk shekara har shekara biyar. Jirgin ƙaramin ne, na ƙarfe, mai farfela, da itace ake hura tukunyarsa, don haka tafiya kaɗan sai a tsaya a sari itace. Injinsa ba shi da wani ƙarfin a zo a gani, ga shi kuma yana jan wani jirgin mai filafilai mai suna George cike da haja. Ya bar Fernando Po a ƙarshen Yuni 1857, ya shiga kogi cikin Yuli, lokacin da ruwa ke cikowa.

Fasinjojinsa taron mutane ne masu buƙatu daban-daban, kowa da abin da ya kawo shi. Baikie ne shugaba, burinsa ya kai ga Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Sakkwato ya ƙulla zumunta da ciniki. Akwai Laftanar John Hawley Glover na sojan ruwa, aikinsa auna zurfin kogi da zana taswira, da mataimakinsa Daniel May. Akwai Charles Barter, masanin tsirrai. Akwai wakilan Laird, su man ja da hauren giwa da man kaɗe suke so. Akwai Crowther, wanda yanzu ya zama fasto, tare da John Christopher Taylor, fasto ɗan asalin Ibo haifaffen Saliyo. Sai kuma waɗanda littattafan Turawa ba su cika kula da sunayensu ba: matuƙan Kuru daga gaɓar Laberiya masu sarar itace da jan igiya, da tafintoci 'yantattun bayi daga Saliyo masu jin Hausa da Nufanci da Yarabanci da Ibo. In ban da su, da ba a sayi ko doya ɗaya ba.

A ƙarshen Yuli suka tsaya Onica. Nan aka sauke Taylor ya kafa mishan, wakilan Laird suka kafa kanti, kuma har yau cocin Angilika na yankin tana ƙirga shekarunta daga 27 ga Yuli, 1857. A Gbebe, kusa da mahaɗa, aka sake kafa wani kantin. Sannan jirgi ya shiga ƙasar Nufe.

Sun zo a kan gaɓa. Tun rasuwar Malam Dendo a 1833 Nufe ba ta zauna lafiya ba. 'Ya'yansa Usman Zaki da Masaba sun yi ta kai ruwa rana, an ƙone Raba wadda a dā ita ce babbar kasuwa, har wani sarkin yaƙi, Umaru Bahaushe, ya ƙwace mulki ya kori gidan duka. A wannan shekarar ta 1857 ne 'yan'uwan suka haɗa kai da goyon bayan Gwandu suka karya Umaru a kusa da Bidda, aka zauna a kan cewa Usman Zaki ne Etsu. Bidda a lokacin sansanin yaƙi ce, ba birni ba tukuna. Baikie da Crowther suka bi Kogin Kaduna, wannan dai namu da ke ratsa jiharmu, suka sauka suka tafi sansanin cikin Satumba. An karɓe su hannu biyu. Ba don son baƙi kawai ba: gidan da ya fito daga yaƙin basasa yana bukatar bindiga da albarushi, ga kuma jirgi ya kawo hanyar samunsu ba tare da an bi ta hannun 'yan kasuwar Ilori da Legas ba. Masaba ya fi kowa gane wannan.

Daga nan suka koma Kwara, suka wuce Raba, suka nufi sama. A Jebba kogin yana matsewa, ya rabu gida biyu a kan tsibiri, ga wani dogon dutse tsaye a tsakiyar ruwa wanda Nufawa ke kira Ketsa, suna girmama shi da tsoro, Turawa daga baya suka riƙa ce masa dutsen tsafi. A kusa da shi ruwa yana gudu da ƙarfi tsakanin duwatsun da ba a gani. Jirgin ya shiga wata mashiga, igiyar ruwa ta fi ƙarfin injinsa, ta karkatar da shi ta maka a kan dutse. Ƙarfe ya tsage, ruwa ya shigo, jirgi ya kwanta gefe guda. Masu kwale-kwalen wurin suka kawo ɗauki, aka fitar da mutane da abin da hannu ya iya kaiwa. Ba wanda ya mutu. Mutanen gari suka ce ai dama, wanda ya zo wucewa gaban Ketsa bai nemi izini ba, abin da zai gani ke nan. Masanin ruwa zai ce inji ne ya gaza. Ni dai abin da na lura da shi shi ne, Kedawa, Nufawan da sana'arsu ke nan tuƙi, sun shekara ɗaruruwa suna ratsa wurin da manyan kwale-kwale cike da kaya, kuma tsoron dutsen nan wata hanya ce ta koya wa yaro inda ba a bi.

Suka yi rumfa da filafilan jirgi, daga baya suka kafa bukkoki na zana a bakin kogi. Suna tsammanin jirgin ceto zai zo nan da nan. Amma Kwara tana da lokacinta. Daga Oktoba ruwa ke janyewa, in rani ya yi jirgi mai nauyi ba ya iya hawowa, sai wata damina. Jirgin da Laird ya aiko, Sunbeam, bai iso ba sai bayan shekara guda. Wannan shekarar ta zaman dole ita ce zuciyar labarin.

Abu na farko da suka gano, suna zaune ne a bakin babbar hanyar fatake. Ayarin Hausawa daga Kano da Zazzau da Katsina, da jakuna da takarkarai, suna tsallake Kwara a mashigin Raba su nufi Ilori, ɗauke da kanwa da fatu da tufafin Kano da dawaki, da bayi kuma. Wato abin da Turawa suke ta kashe kuɗi da rayuka su buɗe ta ruwa, ya daɗe a buɗe ta ƙasa. Daniel May ya bi wannan hanya, ta Ilori har Legas, ya kai labarin haɗarin. Daga ranar aka san cewa daga Jebba ana iya aika wasiƙa bakin teku cikin makonni, ko kogi ya cika ko ya ƙafe. In ka ɗauki taswirar layin dogon da aka shimfiɗa bayan shekara hamsin, daga Legas ta Ibadan da Ilori zuwa Jebba, za ka ga ba ta yi nisa da sawun fataken nan ba.

Crowther bai zauna haka kawai ba. Ya riƙa zama da masu kwale-kwale da 'yan kasuwa yana rubuta Nufanci, abin da ya zama littafin koyon karatu a 1860 da nahawu da jerin kalmomi a 1864. Ya sami fili a Raba ya gina 'yan bukkoki don su zama masaukin mishan a kan hanyar ayari, ko da yake ba a daɗe ba aka rufe wurin. Burinsa na kaiwa Sakkwato da Kano bai cika ba, har ya rasu a Legas a ranar ƙarshe ta 1891 bai taka ƙasar Hausa ba. Amma zaman nan ya koya masa yadda ake magana da sarakunan Musulmi: da ladabi, da sanin littafinsu, ba da zagi ba. Wannan hali ya riƙe shi kusan shekara talatin yana shiga fadar Bidda yana fita da mutuncinsa, bayan an naɗa shi bishop a Canterbury ranar 29 ga Yuni, 1864. Matasan Turawan mishan da suka zo a ƙarshen rayuwarsa suka wulaƙanta shi, suka ce ya cika sassauci, su ma ba su kai Kano ba. Sai a 1900 ayarin Bishop Tugwell da Likita Walter Miller suka isa, Sarki Alu ya ce su fita. Da Dayspring ya wuce Jebba, ban ga alamar Sakkwato ta 1857 za ta ba da wata amsa dabam ba. Wataƙila ma dutsen ya rufa wa Crowther asiri ne.

Abin da zaman nan ya haifar ta hannun Glover ya fi kowanne nisan zango. Shi mutum ne mai zafin nama, zama ba ya yi masa. Ya hau kwale-kwale ya auna kogin har wajen Busa, ya tabbatar da cewa daga Jebba zuwa sama duwatsu sun tare hanya, jirgin tururi ba shi da abin yi a can. Sannan ya bi ta ƙasa zuwa Legas, ya je Saliyo neman ma'aikata. A wannan kai da kawo ne ya saba da Hausawa, yawancinsu bayi ko waɗanda suka gudo daga iyayengijinsu a Legas da ƙasar Yarabawa, suna neman wanda za su bi su koma arewa. Ya ga jimirinsu a kan hanya, ya ga kuma ba su da dangi a bakin teku da za su ji kunyarsa. Da Ingila ta karɓe Legas a 1861, shi kuma ya zama mai riƙon mulkinta, sai a 1863 ya ɗauki irin waɗannan mutane ya ba su bindiga. Rundunar sojan Najeriya, in tana ba da tarihinta, daga nan take farawa, daga mutum 18 da ake kira Hausawan Glover. Su ya kwasa zuwa yaƙin Asante a 1873. Daga cikinsu 'yan sandan Hausa na Legas da na Gwalkwas suka fito, Hausa kuma ta zama harshen bariki har bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A ƙasarmu ta kudancin Kaduna, inda da wuya ka shiga unguwa ba ka sami gidan tsohon soja ba, ya kamata a san cewa aikin nan da kakanni da iyaye suka ci abinci da shi, saiwarsa tana bakin kogi a Jebba, wurin wani hafsan da jirginsa ya nutse ya rasa abin yi.

Baikie kuwa ya ƙi komawa gida. Bayan Usman Zaki ya rasu a 1859 Masaba ya hau, sai ya nemi izininsa ya zauna a mahaɗar koguna, a gindin Dutsen Patti, kusa da inda gonar 1841 ta mutu. Nan Lakwaja ta soma, wajen 1860. Laird ya rasu a farkon 1861, kantunansa suka rufe, gwamnati ta aika a ce wa Baikie ya dawo, ya yi kunnen uwar shegu. Shi ne likita, shi ne alƙali, shi ne malamin makaranta, shi ne limamin 'yan tsirarun Kiristocinsa. Yana sa riga irin ta ƙasar, yana fansar bayi yana zaunar da su, kasuwar garin kuma ta ja fatake daga nesa. Harshen da ya haɗa wannan tarkacen jama'a Hausa ce, shi ma ita ya riƙa. A 1862 ya hau doki ta Bidda da Zariya har Kano, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, yana neman takardun Eduard Vogel, Bajamushen da aka kashe a Wadai. Ƙasar Hausa da jirgi ya kasa kai shi, doki ya kai shi. Ya juya sassa na Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, kuma Zaburarsa ta fito a bugu a 1881, shi kuwa ya riga ya rasu tun 12 ga Disamba, 1864, a Saliyo, a kan hanyarsa ta zuwa hutu, bai cika shekara arba'in da ɗaya ba. Cikin waɗanda suka yi masa aiki akwai Abbega, ɗaya daga yara biyun da Barth ya tafi da su Turai. Ɗayan shi ne Dorugu, wanda Schön ya rubuta Hausa daga bakinsa. Abbega daga baya ya zama sarkin Lakwaja.

Hausar Baikie da ta Schön ba ita muke karantawa a coci ba yau. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa sai a 1932 ya fito, aikin Miller da abokansa. Bishara ma ba ta hannun mutanen Crowther ta fara shigowa yankinmu ba, 'yan mishan na SIM ne, waɗanda suka kafa tasharsu ta farko a Patigi, a bakin Kwara cikin ƙasar Nufe, a 1902, suka iso Kwoi a 1910. Amma shawarar cewa da Hausa za a yi wa mutanen tsakiyar ƙasar nan magana, ko da ba Hausawa ba ne, an yanke ta tun a bakin kogi, tun kafin wani Bature ya san akwai ƙabilunmu irin su Gwong ko Ham ko Bajju. Ita ce ta sa yau a Fadan Kagoma ake wa'azi da Hausa, a yi ciniki da Hausa, yara da yawa kuma harshen kakanninsu yana kuɓuce musu. Riba ce ko hasara, kowa ya auna a gidansu.

Kada kuma a ɗauka labarin nan na alheri ne zalla. Zumuncin Baikie da Masaba ciniki ne: kariya ga Lakwaja, bindiga da albarushi ga Bidda. Da makaman nan Bidda ta faɗaɗa hare-harenta a kan ƙananan ƙabilu na kudu da gabas da ita, aka kwashi mutane ba adadi. Tafiyar da aka ƙulla da sunan kashe cinikin bayi ta ƙara wa ɗaya daga manyan masu kamun bayi na zamanin ƙarfi. Mu da kakanninmu suka hau duwatsu suna ɓuya daga mahayan Zazzau da na Jama'a, mun san yadda irin wannan ƙarfi yake a wurin wanda aka auka wa.

Sannan abin ya juya kan Bidda ita kanta. Kantunan da suka biyo bayan Laird, George Goldie ya haɗe su wuri guda a 1879, a 1886 suka zama Royal Niger Company mai izinin mulki. A Janairu 1897 sojojin kamfanin, galibinsu Hausawa da Yarabawa ƙarƙashin hafsoshin Turawa, suka ci Bidda da igwa da bindiga mai ruwa, a wata na gaba suka tsallaka ta Jebba suka ci Ilori. Kusan shekara arba'in ke nan bayan Usman Zaki da Masaba sun shimfiɗa wa Baikie tabarma. Ranar 1 ga Janairu, 1900 Lugard ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, garin Baikie, ya kuma ajiye hedkwatarsa ta farko a Jebba, domin nan ne iyakar inda jirgin ruwa ke kaiwa, kamar yadda Dayspring ya gwada da jikinsa. Daga nan ya koma Zungeru a 1902, Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903.

Mulkin da kogi ya kawo bai daɗe yana dogara da kogi ba. Ruwan da ke ɗaukar babban jirgi wata uku ko huɗu a shekara ba zai iya da gyaɗar Kano da kuzar Jos ba. Aka fara da rabi da rabi: layin dogo daga Baro a bakin Kwara zuwa Kano, wanda ya isa a 1911, don kaya su sauka Baro su hau ruwa. Amma layin Legas ya riga ya iso Jebba a 1909, aka haɗa su a Minna, aka riƙa tsallakar da taragai a kan jirgin fito kafin a gama gada a tsakiyar shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya. A zamanin wannan aiki ne aka tsamo ƙarafan Dayspring daga ruwa aka ajiye a tasha. Da gada ta tsaya, Baro ta fara mutuwa.

Namu rabon ya zo ta gabas. Layin da ya taso daga Fatakwal ya kai Inugu a 1916 saboda gawayin ƙasa, ya ratso Makurɗi da Lafiya, ya iso Kafanchan ya wuce Kaduna, a 1927 kuma aka buɗe reshen da ya hau Jos. Kafanchan, inda dā ƙauyukan Fantswam ne, ta zama mahaɗa, da ɗakin gyaran injuna da unguwannin ma'aikata daga kowace kusurwar ƙasa, har Sarkin Jama'a ya baro tsohon garinsa ya dawo nan a 1933. Kuza ta gangaro daga Filato ta nan, cittar da ake nomawa daga Kwoi zuwa Kagoma zuwa Kachiya ta sami hanyar fita, kuma ba buhu ɗaya da ya bukaci Kwara. Binuwai ma da aka yi mata gada a Makurɗi a 1932, ta zama abin da ake wucewa ta kai.

An sake waiwayar mafarkin Laird a zamaninmu. A 2009 gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta ƙaddamar da yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, tsawon kilomita 572, a Janairu 2019 kuma Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Baro. Shekaru sun shuɗe jiragen kaya ba su kama zirga-zirga a can ba, hanyar motar da za ta kai kaya tashar ba ta gyaru ba, yashi kuma yana komawa inda aka kwashe shi duk damina. Jirgin ƙasan Kafanchan shi ma ya yi shiru, taragai na tsatsa a kan layi. Cittar Kagoma yanzu a bayan tirela take tafiya Legas.